Ƙodata a Jikin Yaya Istifanus

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A kasuwar Narayi, a zumuntar mata, har a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: "Rifkatu, yaya Indiya? Da gaske suna rawa a kan titi? Me kika kawo mana?" Na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ban je kallon rawa ba. Na je ne aka fasa cikina, aka cire ƙoda ɗaya aka sa wa yayana. Masu yawo da zancen wai na haukace a can, shi ya sa na shiga majami'a da kwalbar giya, su ma su karanta har ƙarshe.

Yaya Istifanus shi ne babban wanmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauko ni daga Filato bayan Baba ya rasu, shi ya samar mini aiki a masaƙa kafin masaƙar ta mutu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, dattijo a ikilisiyarmu ta Barnawa a nan Kaduna, kuma ban taɓa ganin mutum mai kunya da tsare girma irinsa ba. Tun da nake ban taɓa ganinsa yana cin abinci a tsaye ba. In zai kewaya a gidan mutane, sai ya ce zai je ya duba mota.

Hawan jini ne ya cinye ƙodojinsa. Shekara biyu muna kai shi wankin jini, fitsari ya ɗauke masa kusan gaba ɗaya, likitoci suka kafa doka: ba gishiri, ruwa kuma ɗan kaɗan. Matarsa, Anti Lami, ta riƙe dokar nan kamar soja. Ta kwashe gishiri daga gidan, ta sami wani ƙaramin kofin roba tana auna masa ruwa. Ba na zarginta a kan wannan, abin da ya raya shi ke nan. Wannan duk a lokacin da farar hula suka dawo mulki ne, kullum rediyo yana cewa asibitoci za su gyaru. Masu alkawarin kuwa, ko kansu ne ya yi ciwo jirgi suke hawa. Da aka gwada jinin 'yan gidanmu, nawa ne ya dace. Mijina ya yi kwana uku yana jan ƙafa, daga baya ya ce in je.

Bizar Anti Lami ba ta fito ba, don haka mu biyu muka tafi. A tasha tana kuka ta danƙa mini kofin robar nan ta ce, "Rifka, kada ki wuce layin da na zana. Ko ya roƙe ki."

Washegarin wankin jini muka shiga mota zuwa Legas da sassafe. Hanyar nan ta Mokwa da Jebba ba hanya ba ce, azaba ce. Rami ya sauke mu, shinge ya karɓe mu. A wani shingen wani mai kaki ya leƙo ya ga ƙafafun Yaya a kumbure, ya ce a sauko da jakar magunguna, ya zazzage su a kan titi yana karanta sunayen a juye. Na buɗe baki zan wanke shi, Yaya ya taɓa hannuna ya ce, "Auta, bar shi, aikinsa yake yi." A Jebba fasinjoji suka sayi soyayyen kifi da ruwan leda mai sanyi. Yaya ya juya fuska ga taga, ya jiƙa gefen hankici yana tsotsa. Ni ma na kasa sha, na ajiye ledar a ƙasa.

Jirgi ba abin da zan ce game da shi sai sanyi da abincin da bai kai loma huɗu ba. A wata ƙasa muka sauka muka canja wani, sannan muka isa Chennai. Can ne ake binciken masu shiga Indiya, kuma can ne aka fara nuna mana cewa fasfonmu abin zargi ne. Kowa ya wuce, mu aka ware gefe. Wani ɗan kwastan mai gashin baki ya buɗe jakata ya ci karo da garin kuka, ya kira abokansa biyu. Suka shinshina, suka murza a yatsa. Na ce miya ce. Suka buɗe ƙullin daddawa, ɗaya ya ja da baya yana toshe hanci, kamar ƙasarsu ba ta wari. Yaya yana kan keken marasa lafiya yana haki, su kuma suna taron shawara a kan miyata. Raina ya ɓaci, na ɗebi kukar na zuba a baki a gabansu na haɗiye, ta maƙale mini a wuya har hawaye suka fito. Sai mai gashin bakin ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ɗauka ya ƙi, na fara ɗaga murya. Ashe haka suke cewa to. Sai da na yi mako biyu kafin na daina faɗa da mutanen da suka riga suka yarda.

Masaukinmu wani gida ne kusa da asibitin, ɗakuna huɗu, duk majinyata daga waje. Mai gidan tsohuwa ce siririya, ba ta cin nama ko ƙwai, kuma ba ta yarda a shiga da takalmi. Kowace safiya sai ta share ƙofar gida ta zana ado da farin gari a ƙasa, mutane su tattake, gobe ta sake. Abincinsu akwai wani kamar waina amma ba mai, akwai wani kamar sinasir mai faɗi, sai shinkafa da kindirmo a kan ganyen ayaba. Barkono kuwa ba sa wasa da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shan ruwansu: su ɗaga kofin ƙarfe sama su tuttula a baki, leɓe bai taɓa kofi ba. Na gwada sau ɗaya na jiƙa rigata.

A ɗakin da ke kallon namu akwai Hajiya Binta, ta kawo mijinta. Da ta ji ina Hausa ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Na ce Kaduna. Ta ce ita ma, Tudun Wada. Muka kalli juna muka yi dariya, don a gida kogi ne tsakaninmu, kuma tun da rikicin addini ya raba gari ba na jin ɗayanmu za ta taka unguwar 'yar'uwarta haka kawai. Sai da muka tsallake teku muka zama maƙwabta. Ita ta riƙa yi mini wanka bayan an yi mini tiyata, ita ta tuƙa mana tuwo da kukar da na sha wuya a kanta.

Kafin aikin sai da muka zauna gaban wani kwamiti da ke tabbatar da cewa ba sayar da ƙodar nake yi ba. Sunanmu na ƙarshe ba ɗaya ba ne, ni sunan mijina nake amfani da shi. Suka shigar da mu ɗaya bayan ɗaya. Aka tambaye ni sunan mahaifiyarmu, na faɗa. Aka tambayi Yaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama." Suka ce sunanta fa? Ya ce Mama. Shi ɗan fari ne, bai taɓa ambatar sunanta ba, kuma ba zai fara a gaban baƙi ba. Saura kaɗan a mayar da mu gida a kan wannan. Sai da na ce masa da Hausa, "Yaya, don girman Allah, rubuta musu in ba za ka faɗa ba," sannan ya karɓi biro. Tun ranar ya kamata in gane abin da ke jirana.

Aikin kansa ban san komai ba. Na farka da ciwo a kwiɓin hagu kamar an soka mini wuƙa an bar ta a ciki. Kwana uku kafin na iya takawa zuwa tagar ɗakin da aka keɓe Yaya. Wata nas ta ɗaga mini jakar da ke rataye a gefen gadonsa, cike da fitsari, tana murmushi. Na tsaya ina kuka a kan fitsarin mutum. Shekara biyu ban ga Yaya da fuskar mutane ba sai ranar.

Daga nan doka ta juye. Aka ce ya sha ruwa, kwalba bayan kwalba, abinci kuma a sa gishiri daidai, kada ya yi yawa kada a hana. Yaya ya kasa. Shekara biyu an koya masa cewa ruwa mutuwa ne, yanzu a ce ya sha? Sai ya kurɓa ya ajiye. Da likitan ya gane, ya kira mu biyu ofishinsa. Mutum ne gajere mai furfura, Turancinsa yana gudu kamar keken ɗinki, amma ranar ya rage gudu. Ya zana ƙoda a takarda, ya ja mata wasu siraran layuka.

Ya ce ƙodar da Allah ya halicci mutum da ita ba matatar ruwa kaɗai ba ce. Ban da jijiyoyin jini, tana da wasu jijiyoyi masu kai saƙo, kamar wayar tarho. In ruwa da gishiri sun ragu ko sun yi yawa a jiki, takan aika labari sama, daga can kuma umarni ya sauko. Ya ce a gwajin dabbobi an ga saƙon yana kaiwa har ga hanji, ya sa ya ƙara tsotse gishiri da ruwa daga abinci ko ya rage. A jikin mutum ba su gama gane zancen duka ba, kuma jiki yana da wasu hanyoyin. Sai ya ɗauki biro ya datse layukan nan ɗaya bayan ɗaya.

"Jijiyoyin jini mun ɗinka," in ji shi. "Waɗannan ba sa ɗinkuwa. Mun yanke su, gindinsu yana jikin ƙanwarka. Ƙodar nan tana aiki, amma ba ta da bakin faɗa maka tana shan wuya. Ba lalle ka ji ciwo ba. In zawo ya kama ka, kuma magungunan nan suna iya kawo shi, ruwa zai fita ta ƙasa, ita kuma ta bushe shiru. Ka sha ruwan gishiri da sukari nan take, ka tafi asibiti. Kada ka jira ƙishi."

Yaya ya ce to. Ya ma gode masa da hannu biyu.

Muka ƙara wata biyu a can ana gwaji. Tsohuwar gidan ce ta fi kowa iya shi. Da rana sai ta kawo masa tafasasshen ruwa a kofin ƙarfe, ta tsaya a kansa ba ta cewa komai, don ba su da yaren da ya haɗa su. Kunyar tsohuwa ta sa yake shanyewa. Ranar da za mu taho Hajiya Binta ta rako mu bakin mota ta ce, "Rifkatu, ki sa ido a kan bawan Allahn nan. Irinsu sun gwammace su mutu da a gan su a hanyar bayi." Na yi dariya.

A jirgin dawowa aka ba shi kujerar taga, wata Ba'indiya tana ta bakin hanya. Awa uku na lura kwalbarsa ba ta motsa ba. Na ce, "Yaya, ruwanka." Ya ce, "In na sha sai na tashi matar mutane kowane rabin awa." Na tashi na roƙi matar muka yi musaya, na zauna a bakin hanyar, na tura masa kwalbar. Ya sha yana hararata. Daga Legas wani jirgin muka hau zuwa Kaduna, don likita ya hana doguwar mota.

A gida na zaunar da Anti Lami na faɗa mata komai, har zanen likitan na nuna mata. Na ba ta ƙunshin garin gishiri da sukari da aka ba mu a asibiti. Ta ce to, ta karɓa. Na mayar mata da kofin robarta na ce ta jefar. Na koma Narayi ina jinyar nawa ɗinkin, don ni ma ba ƙarfe ba ce.

Mako uku da dawowarmu aka sa sujadar godiya. Na ce a jira, likita ya ce ya guji taro. Aka ce ai ba a sa wa Ubangiji ranar karɓar godiya, surukai sun riga sun taso daga Binuwai, an ɗinka anko. Ranar Lahadi majami'a ta cika maƙil, ga zafi, ga ba wuta, fanka ko ɗaya ba ta juyawa. Aka zaunar da Yaya a kujerar gaba cikin babbar riga, tsakanin surukinsa da sauran dattawa. Da muka fito rawar baiko, wato kai sadaka gaban bagadi, na wuce ta gabansa na kalli fuskarsa. Idanunsa sun zurma, leɓensa ya tsage, yana murmushin da ba nasa ba.

Na jawo Anti Lami waje. "Me ya same shi?"

Ta ce, "Ba komai, ɗan gudawa ne tun ranar Juma'a."

"Tun Juma'a? Kin ba shi garin nan?"

"Haba Rifka, gishiri fa ne a ciki. Shekara biyu ina raba shi da gishiri, yanzu in dama masa da hannuna? Na kulle shi a akwati."

"Ruwa fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun jiya da rana ya ce kada in ba shi. Wai in ya sha cikin zai motsa. Yaya za a yi ya riƙa tashi a gaban Babana ana tsakiyar wa'azi?"

Ban san lokacin da na dafe kwiɓina ba. An yanka ni, na bar 'ya'yana wata uku, na haɗiyi garin kuka a gaban arna da Musulmin Indiya, duk don mutumin nan ya bushe mini ƙoda saboda kada surukinsa ya ga ya tafi bayi! Na zagaya bayan majami'a inda mata ke dafa shinkafar taro. Akwai tafasasshen ruwa a tukunya, akwai gishiri, akwai sukarin shayin dattawa. Awon ruwan gishiri da sukari da aka koya mana a asibitin haihuwa tun ina goyon fari shi ne na kwalbar giya, kuma ga wata a gefe da aka kawo gyaɗa a ciki. Na wanke ta da ruwan zafi, na auna, na girgiza, na sa a bokitin ruwa ta huce. Wata ta ce in juye a kofi mana. Ko sauraronta ban yi ba.

Fasto yana tsakiyar wa'azi na shigo ta babbar ƙofa da koriyar kwalba a hannu. Na ji majami'a ta yi tsit daga baya zuwa gaba. Wani mai tsaron ƙofa ya biyo ni yana raɗa, "Mama, Mama," ban waiga ba. Na tsaya a gaban Yaya na miƙa masa.

Ya ce a hankali, "Auta, kin san inda kike?"

Na ce, ba a hankali ba, "Na sani. Sha."

"Bari a tashi."

"Ƙodar ba za ta jira a tashi ba. Tawa ce, Yaya. Ba ka da ikon kashe ta don kunya. Ka sha, ko in ɗaga rigata in nuna wa surukanka inda aka ciro ta."

Na kama gefen rigar kuwa. Ya san ni, ya san zan yi. Ya karɓi kwalbar, ya kafa kai a gaban bagadi, a gaban surukinsa, ya sha. Bai kai rabi ba ya ce jiri yake ji. Maza huɗu suka ɗauke shi zuwa mota, shinkafar godiya kuma aka ci ba mu.

Kwana shida ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Likitan da ya karɓe mu ya duba sakamakon jini ya ce ƙodar ta ji jiki, da an ƙara yini ɗaya da wani zance ake yi. Ta farfaɗo, amma ba ta koma yadda muka taho da ita ba, kuma ba za ta koma ba. Anti Lami ta zauna a baranda tana kuka. Ita na yafe mata tun a ranar, don tsoro ne ya sa ta, kuma ba ta ji bakin likitan da kunnenta ba. Shi kuwa ya ji.

Rana ta huɗu, da ya sami bakin magana, abin da ya fara ce mini shi ne, "Kin kunyata ni a gaban jama'a."

Na ce, "Na yi."

Sai ya ce, "Ni fa ban ji ciwon komai a wurin ba. Ko kaɗan."

Na ce, "Yaya za ka ji? Ba ka ji abin da likita ya ce ba? Jijiyoyinta a jikina aka bar su."

Ya juya fuska ga bango.

Dattawa sun aiko mini cewa in fito gaban ikilisiya in nemi gafara saboda kwalbar. Na ce su sa rana, zan zo da zanen likita in yi musu bayani tun daga Jebba. Har yau ba su sa ba. Ni da Yaya kuma ba wanda ya ba wani haƙuri. Kowace safiya ina hawa mota daga Narayi zuwa Barnawa, in duba kwalaben ruwansa, in gaishe shi ya amsa a taƙaice, in dawo. Masu tambayar tsaraba, ga ta nan, abin da na kawo ke nan.

Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar wa'azi, na ga Yaya Istifanus ya miƙe daga kujerar dattawa. Bai bi ta ƙofar gefe ba. Ya biyo tsakiyar majami'a da babbar rigarsa, kowa yana kallo, robar ruwa a hannunsa saura kaɗan ta ƙare. Da ya zo daidai bencina bai kalle ni ba. Ya dai rage tafiya ya ce, yadda na kusa da ni duk suka ji, "Fitsari zan je."